Bamange da Gado Mai Rusunawa

Wushe, Mala, bawana na Bune. Ubangidanka Bafulatani ne ke gaisuwa. Gyara zama, ka kwance wuƙar nan ta damtse, magana kawai na zo da ita.

Labari ya iso ruga cewa bana ta yi maka kyau. Kanwa ta yi kuɗi, dabinon kwari ya yi albarka, jikkunan sefa sun taru ƙarƙashin tabarma har suna tokarin haƙarƙarinka. Maimakon ka zo ka sayi karsana wurin iyayen gijinka, wai sai ka ɗora ido kan gadon nan na Turawa mai ɗaga kai da ƙafa. An ce ɗanka da ke karatu a Damagaram ne ya nuna maka iri biyu a salula, mai araha da mai tsada, tun ranar kake bin majalisa kana neman shawara. Duk faɗin Muniyo an rasa mai gaya maka gaskiya, don kowa jira yake a sauke kaya ya zo kallo. Ni da haƙƙinka ke wuyana, bari in sauke nauyi.

Ka fara sanin asalin abin da kake kwaɗayi: gadon majinyata ne. Wani likitan fiɗa a Amurka, Willis Gatch, shi ya fito da shi wajen 1909. Ya raba shimfiɗar gida uku, don a riƙa ɗaga kan wanda aka yi wa aiki da gwiwoyinsa ba sai an ciccibe shi ba. Da hannu ake murɗa shi, irin wanda kake gani in ka je dubiya asibiti. Daga baya 'yan kasuwa suka sa masa inji mai aiki da lantarki, suka lulluɓe ƙarfen da yadi, suka ce masu lafiya ma su zo su kwanta. Ga shi har kiran ya kai Bune, ka amsa.

Mai arahar aikinsa ɗaga kai da ɗaga ƙafa, wani ma kan kaɗai yake ɗagawa. Mai tsadar shi ma aikin ke nan, sai tarkacen da aka rataya masa: jijjigar da suke kira tausa, fitila a ƙarƙashi, wurin cajin waya, da maɓallin da ke tuna yadda ka fi son kishingiɗa. Akwai wanda in ya ji minshari yake ɗaga kan mai barci da kansa. Wannan kam ina roƙonka ka ƙyale shi. Da irin minsharinka da matafiya ke ji tun daga Gure, gadon zai yi ta ɗaga ka har asuba ta same ka a zaune kamar mai jiran sadaka.

Na san inda zuciyarka ta karkata. Ku mutanen Bune tun da aka gaya muku garinku tsohon mazaunin sarautar Muniyo ne, kuma Bature Barth ya ratsa ta nan a ƙarshen 1852 kafin ya iske Muniyoma Kosso a fadarsa ta Gure, kowane Bamange yake tafiya da kafaɗa a sama. To, Mala, ƙasaita ba ta kunna inji. Damagaram kanta, da wutarta ke biyo layi daga Katsina ta Gazawa, ta ɗanɗana duhu a 2023 lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta. Ka auna ranar da ka ɗaga ƙafafu sama, kai ma sama, sai batirin sola ya mutu. Haka za ka kwana a naɗe, da safe a kira yaran unguwa su zaro ka.

Sai rairayi. Tudun yashin da ke cinye muku gonaki da bakin kwari ba zai ji kunyar injin gado ba, ƙurar hunturu kuwa ko cikin akwati a kulle tana shiga. In ya tsaya, wa zai buɗe shi? Mai gyaran babur na bakin kasuwa? Kuma kada ka manta bazara. In zafi ya haura digiri 40, duk gidanka tsakar gida ake kwana. Wannan gado ƙato biyu ma da nishi suke ɗaga shi. Zai zauna a ɗaka shi kaɗai yana tausar iska, kai kana waje kan tabarmar kabar da ka raina. Katifarka ta auduga ma ba za ta bi shi ba, sai ka sake sayen ta soso mai lanƙwasuwa.

Kada ka ce Bafulatani rowa ce ta sa yake tura ka ga mai araha. Araha ba ta ado. Na ƙasa-ƙasan ƙarfensu siriri ne, injinsu rarrauna, garantinsu gajere. In dai sai ka saya, kuɗinka ya tafi kan abu uku: kaurin ƙarfe, ƙarfin inji, da hanyar sauke gadon in babu wuta. Ka sa yaron ya karanta maka nauyin da aka rubuta yana ɗauka, ka haɗa da na katifa, ka ƙara na burabuskon dare. Fitila kuwa kana da tocila, tausa kana da jikoki.

Amma tambayar da ba ka yi wa kanka ba ita ce, me ke damun jikin? In ƙwannafi ne ke tashinka cikin dare, likitoci kan ce a ɗaga wajen kan gado da santimita 15 zuwa 20, a kuma daina cin tuwo dab da kwanciya. Bulo biyu ƙarƙashin ƙafafun gadon ƙarfenka sun gama aikin. In don tsohuwa ne da tashi zaune ke yi mata wuya, nemi na asibiti mai murɗawa da hannu: ba ruwansa da wutar NIGELEC, in ya karye mai walda ya ɗinke. In kuwa numfashi ke sarƙe maka in ka kwanta miƙe, ko ƙafafu ke kumbura, nan ba wasa nake ba, ka je Gure likita ya duba zuciyarka kafin ka je wurin mai gado.

Mu da kuke kira mutanen daji mun riga Gatch sanin gado mai biyayya. Namu 'yan sanduna ne da kara, mace ɗaya ta kwance shi da hantsi, ta ɗaure a bayan takarkari, ta kafa shi kafin magariba inda ciyawa ta fi. Bai taɓa neman caji ba.

Saboda haka ga hukuncin ubangida. Ka sayi bulo biyu. Abin da ya rage ka ware kuɗin sharar da kake ɓoye mini kowace Cika-ciki, ka haɗa da mangul na shanuna, ka aiko. In ranka ya ɓaci, ka kai ƙara UNESCO, ita ta sa wasan barkwancinmu na Nijar cikin al'adun duniya tun 2014, za ta gaya maka bawa ba ya fushi da ubangidansa.