Masu Gadin Kujerar Tsakiya

A cikin jirgin sama samfurin Boeing 737, kujeru uku ne a dama, uku a hagu, da siririyar hanya a tsakani. Ke nan idan jirgi ya cika, kusan mutum ɗaya cikin uku dole ya zauna a tsakiya, babu tagar da zai jingina, babu hanyar da zai miƙe ƙafa, ga kafaɗun baƙi biyu sun sa shi a tsaka. Yawancin kamfanonin jiragen sama kwamfuta suke bar wa wannan rabo, ta buga wa kowa lambarsa a kati, wanda tsakiya ta faɗo wa ya rungumi ƙaddara. Kamfanin Southwest na Amurka kuwa, wanda ya fara tashi a watan Yunin 1971 tsakanin biranen Dallas da Houston da San Antonio na jihar Texas, ya shafe fiye da shekara hamsin yana ce wa fasinja ya shiga ya zauna inda ya ga dama. An yi ta yabon tsarin da sunan 'yanci da daidaito. A ganina haraji ne aka ɗora wa masu kunya, marasa kunya suka yi ta karɓa, kuma hujjata ita ce ire-iren mutanen da tsarin ya haifar.

Na farkonsu tun yana gida yake fara yaƙi, shi ne Mai Agogo. A da, katin roba mai lamba ake miƙa wa mutum a bakin ƙofar shiga, wanda ya riga zuwa filin jirgi ya riga shiga. Daga baya aka tsara abin zuwa rukuni uku, A da B da C, a 2007 kuma aka ba kowane rukuni lamba 1 zuwa 60, kuma lambar mutum ta danganta da lokacin da ya tabbatar da tafiyarsa ta intanet, wanda ake buɗewa awa 24 cif kafin tashi. Mai Agogo yana saita ƙararrawar wayarsa, ya baro taro a tsakiyar magana, ya tsaya da yatsa a sama yana ƙirga daƙiƙa. Yana dannawa sai ya ga B32, ya yi ta mamakin wa ya riga shi. Kuɗi ne ya riga shi. A wancan tsari, lambobi 15 na farko a rukunin A na masu tikiti mafi tsada ne, masu yawan tafiya da kamfanin suna da nasu fifikon, sannan a 2009 aka kawo abin da aka kira EarlyBird, wanda ya fara da dala 10, inda kwamfuta ke riƙe wa mutum lamba tun awa 36 kafin tashi. Mai Agogo ba mugu ba ne, shi ne ma mafi gaskiya a cikin jerin nan, amma daga kansa ake fara gane cewa tseren da aka ce na kowa ne, an sayar da gabansa tun kafin a busa usur.

A bakin ƙofa, inda aka kakkafa ginshiƙai masu lambobi domin kowa ya tsaya a gurbinsa, mutum biyu ne ke mulki. Akwai Dogarin Layi, wanda ba wanda ya naɗa shi, yana leƙa katin na gabansa ta kan kafaɗa, yana tambaya cikin muryar da ya ɗauka ta ladabi ce: “Ranka ya daɗe, lamba nawa kake?” Idan ya gano shi ne 17 kai kuma 18, sai ya shige gabanka da fuskar wanda ya kare haƙƙin al'umma, alhali abin da ya ƙwato bai wuce taku ɗaya ba. Akwai kuma abokin gabarsa, Malam Ban Gane Ba, mai katin C da ke tsayawa cikin 'yan A yana kallon rufi. Idan an kama shi ya ce yau ya fara hawan wannan jirgi, bai san tsarin ba, ga shi kuwa jakarsa duk tambarin tafiye-tafiye. Shi lissafinsa a fili yake: idan an mayar da shi bai yi asarar komai ba, idan ma'aikacin ƙofa ya gaji ya ƙyale shi ya ci riba.

Babban wasan dai a cikin jirgi yake. Wanda ya shiga da wuri ya samu taga ko bakin hanya bai gama ba, domin burinsa na gaskiya shi ne kujerar da ke gefensa ta tafi babu kowa. Ba shi da ikon hana kowa zama, don haka dole ya mai da kansa maƙwabcin da ba a so, kuma ba tare da ya furta kalma ba. Nan ne hazaƙar ɗan Adam ke bayyana. Mai Barcin Ƙarya, wanda minti biyu da suka wuce yake rige-rigen sa jaka a ma'ajiyar sama, yanzu ya yi nisa a barci, ya miƙe ƙafafu ya tare mashiga, ya dogara da cewa mutumin kirki ba zai tashi mai barci ba. Mai Tari ciwonsa da tsari yake zuwa, sai wani ya rage tafiya daidai layinsa yake taso masa, kuma da an rufe ƙofar jirgi yake samun lafiya. Wani jakar aman da ke aljihun kujera yake zarowa ya riƙe a cinya yana lumshe ido. Wani shimfiɗa yake yi: riga a kujerar tsakiya, littafi a kanta, ledar abinci mai albasa a sama, ya toshe kunnuwa ya ƙura wa waya ido, domin kowa ya san haɗa ido da mai neman wuri tamkar gayyata ce. Gwanin gwanaye kuwa ya juya wannan ka'ida ne: shi yakan kafe mai tahowa da ido, ya washe haƙora, ya riƙa bubbuga kujerar yana yafito shi da zumuɗi, har mutum ya ji gara ya ƙarasa can baya kusa da banɗaki da ya yi awa uku da wannan bawan Allah. A lura, babu ɗaya cikin dabarun nan da ke aiki a kan mai taurin ido. Dukkansu tarko ne da aka ɗana wa mai jin nauyin mutane.

Wanda ya fi kowa jawo rigima shi ne Mai Kama Wuri. Iyali ne na mutum biyar, sai a saya wa ɗaya EarlyBird a tura shi gaba a matsayin wakili, ya shiga ya barbaza hula da jaka da gorar ruwa a kujeru biyar, kamar mai shimfiɗa darduma a sahun gaba ranar Idi domin 'yan'uwan da ba su gama wanka ba. Ka zo da lambarka ta halal, wadda wataƙila kuɗi ka biya ka samu, ka tambaya ko da mutum a nan, ya ce: “E, yana zuwa.” Mai zuwan nan yana can ƙarshen rukunin C. Abin da ya sa wannan hali ya yi ƙarko shi ne kamfanin ya daɗe yana cewa ba shi da dokar da ta halatta kama wuri, ba shi kuma da wadda ta haramta. Ma'aikaciyar jirgi ba ta da ayar da za ta janyo, sai ta yi kamar tana gyara ma'ajiyar kaya. Shari'ar ta koma tsakanin fasinja biyu, kuma hukuncinta na wanda ya fi jure kallon banza ne. Hausawa sun ce kunyar mara kunya asara ce, amma faɗar karin magana a zaure daban, ɗauke hular baƙo daga kujera a gaban mutum ɗari daban, musamman da yake idan ka yi nasara za ka zauna awa uku gefen wanda ka kayar. 'Yan uwan wannan mutum su ne miji da matar da ke zama ɗaya a taga ɗaya a bakin hanya, su yi kamar ba su taɓa ganin juna ba. Idan dabara ta ci, sun samu kujera uku da kuɗin biyu. Idan wani ya kutsa tsakani, nan take aure ya dawo, a ba shi haƙuri a matsa, ko kuma, idan ya yi rashin sa'a, a yi ta miƙa gyaɗa da zance ta saman cinyarsa har a sauka.

Su ma 'yan rukunin C ba waliyyai ba ne. Mai Auna Kafaɗa yana tafe a hankali yana duba hagu da dama, yana neman siraran mutane biyu da zai shiga tsakaninsu, yana tsallake jarirai da masu ƙiba, har na zaune su ji ana yi musu kallon saye. Wasu na zaunen kan riga shi, da sun hango ƙaramin mutum su yi maza su kira shi kafin ƙato ya iso. Mai Dogon Buri kuma yakan wuce kujerar tsakiya mai kyau a layi na huɗu yana cewa akwai taga a gaba, ya kai ƙarshen jirgi bai samu komai ba, ya juyo yana kutsawa cikin masu tahowa da jakarsa a ka.

Akwai nau'in da ya kamata a taɓa a hankali, wato Mai Warkewa a Sama. Dokar Amurka ta wajabta a bar masu naƙasa su riga kowa shiga idan suna buƙata, kuma a jirgin da babu lambar kujera, riga shiga na nufin zaɓen wuri mafi kyau kyauta. Fasinjoji sun daɗe suna barkwanci cewa akan tura mutane da yawa a keken guragu wajen shiga, a wajen sauka kuwa kaɗan ne ke jiran keke. Za a ce wannan zargi zalunci ne, kuma da gaskiya a ciki: ba kowace lalura ido ke gani ba, kuma tsohon da ba zai iya tsayuwar layi da doguwar tafiyar babban filin jirgi ba yana iya takawa 'yan taku kaɗan a ƙaramin fili. Amma wannan ma hujja ce a kan tsarin. Shi ne ya rataya lada a jikin keken, har aka kai ga mai ciwon gaske yana shiga jirgi mutum sittin na binsa da kallon tuhuma.

Masu kare tsarin suna da hujja mai ƙarfi, wato sauri. A 1972, da kuɗi ya yanke wa kamfanin ya sayar da ɗaya daga cikin jiragensa huɗu, sai ya koyi sauke fasinja da ɗaukar wasu cikin minti goma domin jirgi uku su yi aikin huɗu, kuma jirgin da ke tsaye a ƙasa ba ya kawo ko sisi. Shirin talabijin na MythBusters ya taɓa gwada hanyoyin shiga jirgi daban-daban, shiga babu lambar kujera ta fi sauri, kuma ita ce mahalarta gwajin suka fi ƙi. Sakamakon biyu abu ɗaya suke faɗa. Saurin daga tsoro yake fitowa: wanda ke fargabar tsakiya ba ya tsayawa naɗe riga a hanya. Duk wanda ya taɓa shiga jirgin cikin gida a Najeriya aka sanar cewa yau kowa ya zauna inda ya samu, ya ga yadda manya masu babbar riga ke ƙara sauri zuwa matakala, ya san wannan. Kuma abin da ake jurewa a tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba tsakanin Dallas da Houston, ba shi ake jurewa ba bayan kamfanin ya fara zuwa Hawaii a 2019, jirage kuma suna tashi kusan a cike. Idan kujeru sun yi yawa kowa mai ladabi ne.

Hujjar daidaito kuwa ta mutu tun ranar da aka fara sayar da gaban layi. Kamfanonin Turai masu araha sun riga sun bar tsarin, easyJet a 2012, Ryanair a 2014. Southwest ya sanar da cewa zai bi sahu a watan Yulin 2024, yana cewa bincikensa ya nuna kashi 80 cikin ɗari na fasinjojinsa sun fi son a ba su lamba, aka kuma sa 27 ga Janairun 2026 a matsayin ranar farawa. Kada a ɗauka tausayin masu kunya ne ya jawo haka. Kamfanin zuba jari na Elliott ya sayi babban kaso a Southwest a 2024 yana matsa lamba a ƙara riba, kuma kujera mai lamba ana iya sa mata farashi, mai faɗin wurin ƙafa ta fi tsada. Za a ce to ai harajin bai tafi ba, daga kunya ya koma aljihu. Haka ne, amma kuɗi ana ganinsa a rasiti tun kafin a bar gida, mutum ya yarda ko ya ƙi. Za a kuma ce lambar kujera tana da nata 'ya'yan, kuma wannan ma gaskiya ne. Mai Kama Wuri bai mutu ba, sana'a ya sake. Yanzu shi ne za ka tarar ya riga ka zama a tagarka ta layi na takwas, ya ɗaura bel, ya cire takalmi, yana roƙonka don girman Allah ka bar shi kusa da matarsa, kai ka koma tasa. Idan ka tambaye shi ina tasa take, sai ya nuna can baya da haɓa, ya ce layi na ashirin da tara, a tsakiya.