Aljihuna Ya Yi wa Surukina Fito

Ƙasan kwalin ya ɓurme tun muna cikin Adaidaita Sahu, dalilin da ya sa ɓeran Masar ɗin ya koma aljihun kaftanina ke nan. Wannan nake so a fara sani, domin masu yaɗa labarin a unguwa sun riga sun mai da shi cewa da ma can da ɓera nake yawo a jikina.

Na 'yata ne. Biyu ne, masu launin gwal, in rana ta haske gashinsu har wani ƙyalli yake yi. Mai sayarwa ya dage sai mun ɗauki biyu, wai guda ba ya zama shi kaɗai. Na ɗauka dabarar ciniki ce, ashe nan kam gaskiya ya faɗa, don a ƙasar Suwizalan tun 2008 doka ta hana mutum ajiye guda tilo. Inda ya kai mu ya baro shi ne batun abinci: dusa da masara, in ji shi, sun isa. Ana nan sai ƙaramin, wanda yarinyar ke kira Ɗan Gwal, ya lalace. Gashi ya yi buzu-buzu ya dusashe, gudu ya gagara sai jan ƙafafun baya, in aka taɓa gwiwarsa ya tsala ƙara. Yarinya ta shiga yajin cin tuwo. Uwarta ba ta ce uffan ba, ta dai ajiye kwali a gabana.

Saura 'yan kwanaki Babbar Sallah, asibitin dabbobi ya cika maƙil da raguna. Ga Balami farare masu lanƙwasasshen hanci, ga Uda rabi baƙi rabi fari, ga 'Yankasa, can gefe ga dokin hawan Sallah ana duba masa kofato. Kowane magidanci riƙe da igiya yana taƙama da abin da ke ƙarshenta. Ni kuwa na shigo hannu rabbana, cikin farar shadda da ta sha bugu, hannun hagu dafe da aljihu.

Sai na hango shi. Kan benci, ƙarƙashin darbejiya, da wani ƙosasshen Balami a gefensa. Surukina. Mutumin da tun da aka ɗaura aure ban taɓa kurɓar ko ruwa a gabansa ba. Kuma ya riga ya gan ni.

Na tuɓe takalmi, na ɗora waya a kansu, na tsuguna, na sunkuyar da kai.

"Barkanku da hantsi, Baba."

"A'a, Malam, kai ne? Yaya iyalin? Ina amaryata, tana nan tana rigima?"

"Duk lafiya lau, Baba, suna gaishe ku."

"Madalla. Rago ka kawo?"

Kafin in haɗa amsa, ya zura hannu a aljihu ya zaro ledar goro.

Akwai abin da duk mai kiwon ɓeran Masar ya sani. Dabbar nan tana da kunne, kuma tana riƙe sauti. A gidanmu komai a leda yake shigowa, saboda haka su biyun sun haddace cewa motsin leda abinci ne, ko ledar gawayi aka taɓa sai sun ɗauki kuka. Kukan kuma ba tsuwwar ɓera ba ce. Fito ne, siriri, mai tashi sama a ƙarshe, irin wanda zauna-gari-banza ke yi wa budurwa in ta gifta.

Leda ta motsa. Aljihuna ya yi fito.

Tun daga lokacin nake ta auna abin a raina, ko alwala nake yi sai ya faɗo mini. Kaina a sunkuye yake, ba wanda ke ganin bakina. Babu tsuntsu a kan darbejiyar. A kusa ba kowa sai ni da shi da ragon, rago kuma ba ya fito. Duk alƙalin da aka kai wa wannan shari'a ni zai kama, kuma ba zan ɗaukaka ƙara ba. Hannun Baba ya tsaya da ɓarin goro tsakanin leda da baki. Mutanen benci suka yi tsit. Dabbar da ta kwana ko motsi ba ta iya yi, wadda na ɗauko ina fargabar kada ta cika a hanya, ita ce ta samo ƙarfin yi wa surukina fito a bainar jama'a.

"Waya ce, Baba," na ce.

Ya dubi wayar. Tana nan kwance kan takalmina, fuskarta baƙi ƙirin. Ya dube ni. Sannan, kuma wannan ko a gaban wa zan maimaita shi, dattijon nan da gangan ya sake murza ledar. Fito ya tashi, har da ƙari. Ya dakata, aljihu ya dakata. Ya sake murzawa a hankali, idonsa a kan ƙuguna. Gwaji yake yi da ni.

Ana cikin haka na ji ɗumi. Ya fara daga kwankwaso ya gangara cinya. Fitsarin ɓeran Masar ba garau yake ba, fari-fari ne mai ɗan kauri saboda sinadarin kalsiyam da ke fita a cikinsa, shadda mai sitaci kuwa ba ta saurin shan ruwa, gangarar da shi take yi. Ya bi bakin riga ya sauka ƙasa, ɗis, ɗis, daidai tsakanin ƙafafuna, ƙura ta zana masa da'ira don kada wani ya ce bai gani ba. A dubi lamarin daga kan benci: magidanci mai furfura a gemu, tsugune gaban surukinsa, yana fito, ruwa na ɗiga daga ƙarƙashinsa. In na miƙe na yanke gaisuwa. In na ci gaba da tsuguno ina ɗiga. Na zaɓi ɗiga.

Sai ga kai ya leƙo daga aljihu, hanci na rawa, yana neman inda ledar take.

"Subhanallahi! Malam, ɓera ne a aljihunka!"

"Na sani, Baba."

Cikin duk abin da ya faru, wannan "na sani" ce ke hana ni barci. Da na daka tsalle na kakkaɓe riga ina salati, da an tausaya mini, a ce tsautsayi ne, yana iya faɗa wa kowa. Amma na sani. Wato da sanina, da hankalina, da shaddata, na sa ɓera a aljihu na zo na tsuguna gaban uban matata.

Ya daɗe yana kallon kan da ya leƙo. "Ana ci ne?"

Sai na ji bakina yana zuba bayani ba da izinina ba: cewa a ƙasar Peru ana ci, gasawa suke yi, cewa mutanen tsaunukan Andes ne suka fara kiwonsa shekaru dubbai da suka wuce, har yanzu a ƙauyukansu a ɗakin girki suke sakinsu suna yawo. Ina tsugune, a jiƙe, ina karantar da surukina tarihin Kudancin Amurka. Ya ce, "Allah mai iko," ya jefa goron a baki.

A nan ne Allah ya jefo mini wani dattijo mai akuya, wanda ba don shi ba da ranar ta tafi a banza. Ya ɗaure akuyarsa a ƙafar benci, ya zare Ɗan Gwal daga aljihuna ba ko sallama, ya juya shi, ya leƙa bayansa, ya girgiza kai.

"Malam, an cuce ka. Ina wutsiyar?"

Na ce ai ba su da ita.

"Ba ɓeran da Allah ya yi ba wutsiya. Yanke ta aka yi, ciwon ne ya shige ciki." Ya kama ƙafafu yana ƙirga yatsu. "Gaba huɗu-huɗu. Baya uku-uku. Ka gani ko? Har yatsu an rage maka. Nawa ka biya?"

Na faɗa a hankali. Ya yi salati, ya juya ya sanar da benci, benci ma ya yi salati.

"Launin nan kuma rini ne, lalle ne da kurkur. Ka wanke shi da ruwan zafi, ɗan gafiya za ka gani."

Magani kuwa bai yi mini rowa ba. Man shanu a gurbin wutsiya, safe da yamma, don in ta ƙadangare tana tsirowa bai ga abin da zai hana wannan ba. Da daddare a ajiye masa sabulu: in ya ci, lafiyarsa lau, shagwaɓa ce kawai, in bai ci ba, a nemi wuƙa tun bai zama mushe ba. Sai uwa uba kafso ja-da-baƙi, a buɗe a juye masa a ruwa, wanda a cewarsa ya tashi kajinsa, ya tashi wannan akuyar, ya tashi ƙanin matarsa.

"Mai ɓera!" in ji ma'aikacin da ke kiran layi, da muryar da za ta isa wajen gari. Farfajiya duka ta juyo, har dokin.

Likitar matashiya ce, kuma ita kaɗai ce a duk harabar ta yi murnar ganinsa. Ta ɗora shi a sikeli, ta ce babba lafiyayye yakan kai giram 700 zuwa 1,200, wannan ya rame. Ta ɗaga leɓensa ta nuna mini dasashi ya kumbura yana tsattsafar jini. Ta tambayi abincinsa, na faɗa, ta ajiye biro. Ɓeran Masar, in ji ta, jikinsa ba ya haɗa bitamin C, shi da ɗan Adam duk ɗaya a nan. Rago da akuya da kare suna haɗa nasu, shi kuwa sai ya ci, wajen miligiram 10 zuwa 30 kullum, in ya rasa, cikin 'yan makonni gaɓoɓi su kumbura. Cutar da ta riƙa kashe matuƙan jiragen ruwa a da ke nan. A 1907 wasu likitoci biyu a Norway, Axel Holst da Theodor Frølich, suka ɗora waɗannan dabbobi kan hatsi zalla, cutar ta bayyana, daga nan masana suka samu hanyar nazarinta. Gwajin da aka gama da shi fiye da shekara ɗari, shi na sake a tsakar gidana, da kuɗina.

Ta rubuta ɗanyen tattasai kullum, 'yar gwaba jefi-jefi, ɗanyar ciyawa mai tsabta, da busasshiya wadda ba za ta yanke a gabansu ba, don haƙoransu 20 ba sa daina tsawo, tauna ce ke goge su. Bitamin ɗin a ɗiga masa a baki da sirinji, kada a zuba a ruwan sha, haske na lalata shi nan da nan. Kejin a kai shi inuwa kusa da randa, don zafin da ya haura digiri 28 yana iya kashe su, mu kuwa a wannan watan cikin 40 muke wuni.

"Ki gaya masa batun kafso," in ji wata murya daga taga. Dattijon ne, ya zagayo ta baya.

Likita ta miƙe tsaye. Ta ce duk maganin dangin penisilin, su ampisilin da amoksisilin, guba ne ga ɓeran Masar: yana kashe ƙwayoyin da ke narkar masa da abinci a hanji, zawo ya biyo baya, cikin 'yan kwanaki sai gawa. Wutsiya kuma haka aka halicce su, yatsu ma haka, launin ma nasa ne, ba wanda ya rina shi.

"Boko ke nan," in ji dattijon, ko a jikinsa.

Da na fito Baba yana nan. Na sake tsugunawa don sallama, nesa kaɗan da da'irar ɗazu. Ya ce a gaida gida, Allah ya ba majinyaci lafiya, fuskarsa ba alamar dariya, gemun ne dai ke rawa. Ya miƙo mini goro guda tsirara, ledar kuwa ya danne ta da cinya.

Ina bakin titi ina tsai da Adaidaita, dattijon ya cim mini yana haki, akuya na turjewa a bayansa.

"Kar ka biye mata, yarinya ce. Man shanu, safe da yamma."

"To Alhaji, in wutsiyar ba ta fito ba fa?"

Ya dubi aljihuna ya yi nazari.

"In ta kai wata ba ta fito ba, to mace ce."