Ta'aziyya da Turancin Aro

Da labari ya iso ofishinmu cewa mahaifiyar Baturen da ke shugabantarmu ta rasu a Ingila, ma'aikata suka ce a rubuta masa takardar ta'aziyya. Kowa ya juyo ya dube ni, don ni ne na ci Turanci a jarrabawar WAEC, kuma ban taɓa bari wani ya manta ba.

Na tambayi ranar rasuwa, aka ce Juma'a. Na ce kai, tsohuwa ta dace! Sai na buɗe da "Fortunately, your mother died on Friday." Aka ce ba ta yi doguwar jinya ba, na ɗora da "Thankfully, it was quick." Saura addu'ar nan tamu ta in tamu ta zo Allah ya sa mu cika da imani. Na juya ta, na juya ta, na rufe da "Hopefully, we shall all follow her soon." Ai duniya ba gidan zama ba ce.

Wani dattijo a sashen kuɗi, tsohon malamin makaranta, ya ce ba mai sa hannu sai ya duba. Ya gyara tabarau, ya karanta har ƙasa, ya murtuke fuska.

"Yaro, ba a buɗe jimla da hopefully."

"Haba Baba, an wuce wannan rigimar. Tun shekarun 1960 Turawa ke ja-in-ja a kanta, amma a 2012 kamfanin dillancin labarai na AP ya amince da ita a littafinsa na ƙa'idojin rubutu."

"AP na Amurka ne. Marigayiya 'yar Ingila ce."

Haka muka yi ta kai ruwa rana har aka kira azahar, ba wanda ya ko kalli batun Juma'ar. Daga ƙarshe Baba ya haƙura, da sharaɗi guda: wai "soon" ya yi sanyi, bai nuna alhini ba, a mayar da shi "very soon". Aka mayar. Kowa ya rattaba hannu, har maigadi ya dangwala babban yatsa.

Da Bature ya dawo ya kira ni ofishinsa, ya tura ƙofa da kansa. Takardar na kan tebur, ya ja jan layi a ƙarƙashin jimlar ƙarshe. Ya sassauta murya, ya ce:

"Malam, gaya mini gaskiya. Wace cuta ce ta kama ku duka, kuka ɓoye mini?"

Washegari ya kawo likita aka auna mu ɗaya bayan ɗaya. Baba kaɗai aka samu da hawan jini.