Gamsasshen Bayani a Kan Hukuncin Rabin Yanyawa

Ka sani, ya kai mai neman sani, namun dawa sun daɗe suna cin junansu ba tare da izinin masana lissafi ba. Ba a fara gyara wannan sakaci ba sai a 1925 da 1926, lokacin da Alfred Lotka a Amurka da Vito Volterra a Italiya, kowa a ɗakinsa, suka tsara ƙa'idar ci da ciyuwa. Mai neman auren 'yar Volterra, Umberto D'Ancona, shi ya kawo masa mas'alar: ya lura cewa a Yaƙin Duniya na Farko, da masunta suka rage fita tekun Adiriyatik, kason kifaye masu cin 'yan'uwansu ya ƙaru a kasuwa. Volterra ya ba shi amsar, ya kuma ba shi 'yar.

Ga ƙa'idar a taƙaice. Zomo ya yawaita, mai cinsa ya ƙoshi ya hayayyafa, ya cinye zomo, yunwa ta karya shi, zomo ya farfaɗo, a koma farko. Aka gwada ta da littattafan kamfanin Hudson's Bay na Kanada, inda yawan fatun zomo da na kyanwar daji ke hawa da sauka kusan kowace shekara 10. A 1973 Michael Gilpin ya bi wani sashe na alƙaluman, sai lissafi ya nuna masa cewa zomo ne ke cin kyanwar. Ba a sami wanda ya ga hakan da idonsa ba, amma ido ba hujja ba ne a wannan fanni.

Babbar mas'alar ita ce ta gutsure. Ƙa'idar tana auna dabba kamar ruwa, don haka rabin kyarkeci ya halatta, sulusinsa ma yana iya haihuwa. A 1991 Denis Mollison ya duba wani lissafin yaɗuwar ciwon haukan kare tsakanin yanyawoyin Ingila, ya tarar annobar tana sake tashi ne daga kashi ɗaya cikin biliyan sau biliyan na yanyawa guda a murabba'in kilomita. Wannan halitta ba ta kai gashin wutsiya ba, amma tana da haƙora.

Nan ne malaman kwamfuta suka shigo da kayan aikinsu, waɗanda asali an ƙera su ne don tabbatar da cewa manhaja ko na'ura ba za ta cije ba: ragar Carl Adam Petri ta 1962, da aljabarar Robin Milner ta 1980, da hanyar tantance tsari wadda ta jawo wa Clarke da Emerson da Sifakis lambar Turing ta 2007. A mazhabarsu babu gutsure. Kowace dabba cikakkiyar manhaja ce mai ayyuka ƙididdigaggu. Na zomo uku ne: ya ci, ya haihu, a ci shi. Tun da a aljabarar Milner ba a sadarwa sai ɓangarori biyu sun shirya a lokaci guda, cin zomo ya zama yarjejeniya: kyanwa ta miƙa buƙata, zomo ya karɓa. Zomon da bai shirya ba, ba ya ciyuwa. Ni a nawa nazarin, wannan shi ne gata mafi girma da ilimi ya taɓa yi wa zomo.

Daga nan sai na'ura ta bi kowane hali da dajin zai iya shiga, ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake ko guda. Da zomo uku, kafin ka kurɓi shayi ta gama. Da zomo 300, kowanne ko dai ƙosasshe ko mayunwaci, halayen sun zarce yawan ƙwayoyin zarra da ke sararin da ake iya hangowa. Malamai sun warware wannan cikin hikima: suka yi ittifaƙi cewa duk zomaye ɗaya ne, ƙirga su kawai za a yi. Hukuncin da na'ura ke yankewa kuwa ba ya sauyawa. Muddin dajin rufaffe ne kuma mai iyaka, babu baƙon da ke shigowa, ƙarshen mai farauta ƙarewa ne. Masu manhaja suna kiran wannan hali cijewa, su sake kunna na'ura.

Rufaffen dajin da ya fi kusa da cika sharaɗi shi ne tsibirin Isle Royale a tafkin Superior, inda ake ƙirga kyarketai da wata ƙatuwar barewa mai suna mus tun 1958. Kyarketan sun kai 50 a 1980, suka faɗo 14 a 1982, saboda cutar karnuka da ba a rubuta cikin ayyukansu ba. A 1997 wani namiji ya tako ƙanƙara daga Kanada ba tare da sanar da kowa ba, ya cika tsibirin da zuriyarsa. A 2016 saura biyu, uba da 'yarsa, na'ura na dab da cin gardama, sai hukumar gandun dajin Amurka ta kwaso kyarketai 19 a 2018 da 2019, akasari ta jirgin sama. Abin da ya rage a gaban malamai yanzu shi ne matsayin hukumar: ko za a rubuta ta cikin yanayi tare da ƙanƙara, ko cikin dabbobi, a kuma fayyace abin da take ci.