Agogon Alhaji Marar Allura

Ku matso, ba da ƙarfi za mu faɗa ba. Tun da aka gano zinariya a yankin Ɗan Issa a 2021 garin ya yi sabbin masu kuɗi, kuma ɗayansu ne ya hana fadoji shan shayi cikin natsuwa. Ba mu faɗin suna. Ku dai duba wanda yanzu yake naɗe hannun riga ko ana hunturu.

Alhajin ya dawo daga Dubai da agogon da ba shi da allura ko ɗaya. Lambobi ne ke zagayawa a kan wasu ƙananan faya-fayai uku, lambar awa ta bi layin mintoci daga 0 zuwa 60, tana kaiwa ƙarshe wata ta karɓe ta. Ya ce Urwerk ne. To, kamfanin dai akwai shi: Felix Baumgartner da Martin Frei suka kafa shi a Suwizalan a 1997, kuma kaɗan suke ƙerawa a shekara. Irin wannan na ainihi kuɗinsa ya haura sefa miliyan 25. Su da MB&F, wanda Maximilian Büsser ya buɗe a Janeba a 2005, sun mai da agogo abin kallo, sanin lokaci kuwa sai ka koya.

Alhaji bai koya ba. An ce wani dattijo ya tambaye shi ko la'asar ta yi, ya ƙura wa hannunsa ido, can sai ya zaro waya daga aljihu.

Ga inda gizo ke saƙar. Makon jiya agogo ya tsaya cak. Aka aiki yaro da shi Maraɗi a ɓoye, aka ja masa kunne. Mai gyara ya buɗe baya, sai ga batir zaune daram! Na ainihin kuwa ba ya cin batir, motsin hannu ne ke juya wani ƙarfe a ciki yana ɗaure shi. Majiyarmu ta rantse har 'yan kan iyaka na Jibiya sun ji labarin kafin yaron ya dawo gida.

Masu kare shi sun ce cutarsa aka yi. Wasu sun ce ya san abin da ya saya sarai, mu ne ya raina.

Alhaji, Allah ya huci zuciyarka, amma mai gyara yana jiran kuɗin batir ɗinsa.