Komai Yana Kaina

Akwai kalmomi uku da yaran ofishinmu suka haddace daga bakina, har suna kwaikwayona da su idan sun ɗauka na yi nisa: "Komai yana kaina." A miƙo mini biro a wurin taro, in ture, in nuna goshina da yatsa. Sakatare ya tambaya ko ya rubuta abin da aka yanke, in ce kada ya wahalar da kansa. Ni injiniyan gine-gine ne, shekara 17 ina cin abinci da wannan suna, kuma yau zan faɗi abin da matata da foman ɗina suka daɗe da sani: ina gudun biro kamar yadda yaro ke gudun allura.

Lissafi ba ya ba ni tsoro. A ba ni ginshiƙi a ce in fitar da yawan rodin da zai ɗauka, sai in kwana a kai ban yi hamma ba. Abin da ke kashe mini jiki shi ne layuka goman nan na bayan taro: me aka yanke, wa zai yi, wace rana zai gama. Da na zauna zan rubuta su sai in tuna ban duba man mota ba.

Taron kansa kuwa ina son sa kamar tuwon sallah. Namu na Talata ne, ƙarfe 10 a takarda, ƙarfe 11 a zahiri. A gaisa, a tambayi iyali da gajiya, a buɗe da addu'a, a raba ruwan leda da biskit. Daga nan sai in karɓi magana, in ba a yi sa'a ba sai an kira azahar zan sake ta. Ajanda ma tana kaina, don haka babu mai iya cewa na kauce mata. Ɗan kwangila ya tambaye ni tsakuwa, in ba shi labarin wata kwalbati da na gina tun ina saurayi. Mun taɓa cin minti arba'in a kan launin fentin ƙofar shiga, muka wuce maganar harsashin gini a minti biyar. Wani marubuci ɗan Ingila mai suna Parkinson ya siffanta wannan cuta tun 1957: kwamiti zai amince da tashar nukiliya cikin 'yan mintuna don ba wanda ya san kanta, sannan ya ɓata lokaci a kan rumfar ajiye kekuna, don kowa ya san keke. Ranar da na karanta shi sai da na waiga, na ji kamar a ofishina mutumin ya yi leƙen asiri. Taron tsintsiya ne, ba shara, ni ne kuma mai riƙe da igiyar.

Asirina ya tonu a wani sito da muka gina a fili mai ɗan kwari. Wani dattijo maƙwabci ya same mu ya ce ruwa na kwanciya a wurin duk watan Agusta. Na kai maganar taro, amma kamar kullum ba ta sami shiga ba sai da ladan ya ɗaga murya, mutane sun miƙe suna neman takalma. A tsaye na ce a ƙara layi biyu na bulo mai inci 9 kafin a yi ciko a zuba daɓe, wato a ɗaga ƙasan siton kusan rabin mita. Kowa ya ce to. Ni ma ranar na yi abin kirki, don na ari biro na rubuta lamba 2 a tafin hannuna. Sai na wuce wurin alwala.

Bayan mako uku na koma na tarar an zuba kankare, ya bushe, an ma fara jera bulon bango. Na sa tef na auna. Layi ɗaya aka ƙara.

Foman ya dafa ƙirji. "Oga, wallahi ɗaya na ji ka ce."

Mai ginin ya girgiza kai. "Haba Injiniya, ai uku ka ce, da kunnena na ji."

Ɗan kwangila bai ɗaga murya ba. Ya gyara zaman hularsa ya ce, "Yallaɓai, ina takardar?"

Duk suka zubo mini ido, ni mai komai a kai. Na leƙa cikin kan nan nawa da nake tutiya da shi, na tarar da wani abu da har yau ke ba ni kunya: ni ma ban tabbata ba. Biyu na ce, ko biyu na yi niyyar cewa? Da za a ɗora mini rantsuwa a lokacin, da ban iya ba. Shaida ɗaya da nake da ita ta bi ruwan buta tun ranar.

Agusta ya zo kamar yadda dattijon ya faɗa. Ruwa ya shiga siton har idon sawu, buhunan da ke ƙasa suka jiƙe. Aka haƙa lambatu a kewaye, aka gina tudu a bakin ƙofa, wani ɓangare na kuɗin kuma daga ladan aikina ya fita. Na shafe wata guda ina cewa ɗan kwangilar mugu ne. Mutumin ba mugu ba ne, sana'arsa ya sani. A tsarin kwangila na FIDIC bugun 1999, wanda manyan ayyuka da yawa ke bi, umarnin baki ba ya zama umarni cikakke sai an tabbatar da shi a rubuce, kuma kwana biyu na aiki aka ba ɗan kwangila ya aiko da tabbacin. Idan kuma yana neman ƙarin kuɗi ko ƙarin lokaci, kwana 28 gare shi ya sanar a takarda, in ya wuce ya yi asara. Wanda ke rayuwa a ƙarƙashin irin wannan doka, don me zai sayi bulo da siminti a kan maganar da aka yi ana neman takalma?

Abin dariyar, duk na san wannan, har koyar da shi nake yi. Duk ɗalibin da aka turo mana koyon aiki sai na zaunar da shi na ba shi labarin otal ɗin Hyatt Regency na birnin Kansas a Amurka. Akwai gadojin tafiya da aka rataye a cikin babban zauren otal ɗin, ta hawa na huɗu tana daidai saman ta hawa na biyu. A zanen farko, dogon ƙarfe ɗaya ne zai sauko daga rufi ya ratsa ta sama ya riƙe ta ƙasa. Masu ƙera ƙarfen suka ga hakan zai yi wuyar haɗawa, aka raba shi biyu: ɗaya ya riƙe gadar sama, ɗaya kuma ya rataye gadar ƙasa a jikin ta saman. A ido gyara ne ƙarami, amma ya ninka nauyin da ke kan mahaɗar gadar sama. Ranar 17 ga Yuli, 1981, ana tsakiyar wani taron rawa, gadojin biyu suka rufto. Mutum 114 suka mutu, fiye da 200 suka ji rauni. A wajen bincike masu ƙera ƙarfen suka ce ta waya suka nemi izini, zanen da aka canza kuma ya fito da hatimin ofishin injiniyoyi ba tare da an yi wa mahaɗar lissafin da ya kamata ba. Injiniyoyin sun rasa lasisinsu. Nakan ƙare labarin da murya ƙasa-ƙasa, yaro ya yi tsit, in ce masa, "Ka ga illar canza zane da baki." Sannan wayata ta yi ƙara, in canza wa mai ɗaurin rodi tazara ina tsaye a gaban yaron.

Ko kankare ban taɓa yarda da shi da baki ba. Sai an ɗebi samfuri an zuba a ƙananan akwatuna masu milimita 150, an rubuta kwanan wata a jiki, an matse wasu a inji bayan kwana 7, wasu bayan kwana 28, an kawo mini sakamako da sa hannu. Foman ya ce mini ya taɓa ya ji ya yi ƙarfi, sai in kore shi. Amma maganata ni, wadda ba a taɓa gwada ƙarfinta a kowane inji ba, ina so a gina sito a kanta. Limamin unguwarmu ma, da na ba shi labari ina neman ya tausaya mini, tuna mini ya yi cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ya ce in tsakanin muminai aka ce a rubuta, ni wane ne?

Na yi yunƙurin tuba. Na sayi littafin rubutu mai bangon fata, na cika shafin farko da kyakkyawan rubutu. Yanzu ina da irinsa bakwai a aljihun tebur, kowanne shafi ɗaya ya ci. Wadda ta cece ni wata yarinya ce mai bautar ƙasa da aka turo mana. Ba ta yi mini wa'azi ba. Ranar Litinin takan ajiye mini takarda mai batu huɗu ko biyar, ta sa mai nauyi a sama, fenti a ƙasa. A taro ta ja layi ta raba shafi uku: abin da aka yanke, mai yi, rana. Kafin kowa ya taɓa takalminsa sai ta ce, "Ranka ya daɗe, bari in karanta a ji." Nan ne ake gano cewa mutum biyar sun ji abu biyar. Kafin la'asar kowa ya sami kwafi, Talata mai zuwa kuma da shi ake buɗewa. Taronmu ya dawo minti arba'in da biyar. Na riƙa jin kamar an rage mini albashi, don labarin kwalbatina bai ƙara samun wuri ba, amma a shekarar nan ba mu fasa ko bulo ɗaya ba saboda "na ji" da "ban ji ba".

Ta gama bautar ƙasarta ta tafi. Ta bar mini samfurin takardar a kwamfuta, ta nuna mini inda zan danna har sau biyu. Na yi mata alkawari, da hannu a ƙirji kamar foman.

Yau Alhamis. Taron Talata ya yanke abubuwa shida, ko bakwai. Da safe na zauna da niyyar rubuta su, na buɗe kwamfuta, na ga layukan nan uku suna kallona, sai na ji ya kamata in fara bayyana wa duniya dalilin da ya sa rubuta su ke da muhimmanci. Ga shi na cika shafi uku. Bayanin taron kuma, kada ɗan kwangila ya damu, yana kaina.