Famfo A Baya, Ido A Rufe

Ina cikin masu ganin cewa babban abokin gaban tumatir a lambunanmu ƙafa biyu gare shi, kuma famfon feshi yake goyo. Mu ne. Ganye na yin ɗan rawaya sai mu ruga wajen mai magani mu ce, "Alhaji, tumatirina ba lafiya." Shi kuwa Alhaji bai taɓa taka lambun ba, amma nan take ya gano ciwon, ya miƙo kwalba uku ya ce a haɗa. A zuba a famfo, a ƙara piya-piya don neman albarka, a fesa da tsakar rana ba takunkumi, a dawo gida ana tari da jiri. Kwana biyu a koma a tarar tsutsa ta yi ɓul-ɓul, mai lambu ne ya rame.

Shekarar 2016 ta isa shaida. Tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda asalinta Kudancin Amurka ne, ta shiga Sifaniya a 2006, ta yi ta gangarowa har ta sauka a Kano da Kaduna da Jigawa. A watan Mayu gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, masana'antar Dangote da ke Kadawa ta tsaya don ba abin niƙawa. An yi feshi kamar ba gobe, bai hana komai ba, saboda ita wannan baiwar Allah ba a saman ganye take zama ba. Ciki take shiga, tsakanin fatar sama da ta ƙasa, ta yi ta ci tana barin farin tabo da baƙin kashi. Maganin da sai ya taɓa jikin ƙwaro yake kisa rufin ɗakinta kawai yake wanke mata.

Abin haushin, ba kowane tabo ne nata ba. Idan ganyen ƙasa ya yi tabo ruwan ƙasa mai zobe cikin zobe, funfuna ce, ta samu laima ta baje, kuma maganin ƙwari ba ya yi mata komai. Sai a cire ganyen da ya kamu, a daina jiƙa shuka daga sama, a nemo irin su mankozeb. Idan ganye ya yi ɗigo-ɗigon rawaya da zafi, ga siririyar yana a bayansa, jan gizo-gizo ne, kuma feshin kan-mai-uwa-da-wabi yakan kashe ƙwarin da ke cinye shi, ya bar masa fili. Idan ganyen sama ya nannaɗe shuka ta tsumbure, cutar da farin ƙuda ke yaɗawa ce, ba kwalbar da ke warkar da ita, sai tugewa. Wanda gindin tumatirinsa ya yi baƙi ya lotsa kuwa, ya binciki ban-ruwansa, yau ambaliya gobe ƙishirwa. Fesa wa wannan maganin ƙwari daidai yake da ɗirka wa mai karaya maganin zazzaɓi.

Na san za a ce mai lambu ba malamin gona ba ne, gara ya haɗa komai, wanda ya dace ya yi aiki. Ai haɗin gambizar ne ya koya wa sharon juriya. Macenta na iya zuba ƙwai sama da 200, cikin kusan wata guda sabon zubi ya tashi, waɗanda suka sha magani suka rayu kuma su ne iyayen na gaba. Ga kuɗin kwalba uku a inda ɗaya ko babu ta isa, ga gubar da za ta bi kwando har cikin miya. Za a kuma ce malaman gona sun yi ƙaranci. Wannan gaskiya ne, laifin kuma na gwamnati ne, amma juya ganye a leƙa bayansa ba ya buƙatar takardar shaida.

Don haka, ɗan'uwa mai lambu, kafin ka goya famfo gobe da safe, tsugunna ka ɗaga ganyen a hasken rana. In kuma dole sai an je wajen Alhaji, tsinki ganyen ka tafi masa da shi.